Gida Arba'in da Biyu a Gindin Gawo

Ni ne na ƙara wa dara gidaje a garinmu, kuma ba alheri ne ya sa ni ba, haushi ne. Da na san kawuna ya kusa shekara biyu ba ya ganin gurabun da yake wasa a cikinsu, kuma ya fi son komai ya same shi da a ce mutane sun sani, wallahi da na bar karambanina a Dogon Dutsi.

Garinmu ƙauye ne a gefen Matankari. Ni kuwa mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyar da lissafi a kolej a Dogon Dutsi, duk Asabar sai in hau babur in tafi gida in kwana ɗaya in komo. Da rani, in an gama sussuka an rufe rumbuna, maza ba su da wani babban aiki bayan la'asar sai dara. Akwai wani gawo a bakin hanyar rijiya, rairayin gindinsa mai laushi ne, nan ake zama.

Darar tamu gida talatin ce, layi biyar, kowane layi gurbi shida, a haƙa su da hannu a ƙasa. Kowa yana da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya ya riƙe guntayen kara, ɗaya ya riƙe tsakuwa. Da farko a zuba su ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sannan a fara tafiya, gida ɗaya gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda ya rage da biyu an gama da shi. Dokar gindin gawo kuma ita ce, wanda aka ci shi ke tashi wani ya zauna. In aka yi canjaras ba mai tashi, a share a sake zubawa.

To wannan doka ta ƙarshe ita ta hana mu sakat. Kawuna, yayan mahaifiyata, tun ina ƙarami ake cewa babu kamarsa a dara. Mutum ɗaya ne ke iya tsayawa gabansa, wani tsohon Bafillace da ke da ruga a bayan gari, wanda 'ya'yansa suka karɓe masa kiwo ya samu hutu. Mu Arawa ne, kun kuwa san wasan Arawa da Fulani, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Shi yana kiran kawu Ba'are mai hannun gero, kawu yana kiransa bawan saniya. Amma in suka zauna, kowa ya san dabarar kowa tun kafin a haife ni. Wannan ya matsa, wancan ya toshe, wancan ya matsa, wannan ya toshe. A ɗan ci juna ɗaya ko biyu, daga nan sai wasa ya kulle, kowa yana kai ɗansa gaba yana mai da shi baya, har su dubi juna su yi dariya su share. Mu kuwa da ke jiran layi muna tsugune har ƙafafunmu su yi tsami. Akwai Asabar ɗin da na zo tun daga Dogon Dutsi da niyyar in yi wasa ko sau ɗaya, aka kira magariba ban taɓa kara ba. Na tashi ina ƙunƙuni, na ce wannan ba dara ba ce, gadon sarauta ne.

Tun ina makarantar horon malamai na koyi darar Turawa, wadda ake ce wa eshek, mai gida sittin da huɗu. Ban taɓa zama gwani ba, amma ta bar mini wata cuta: in na ga wasa sai na tambayi kaina, in aka canza kaza me zai faru? A ranar da na koma Dogon Dutsi da haushi, na zauna na ƙirga. Gida talatin, 'ya'ya ashirin da huɗu, saura gurbi shida ke nan babu kowa. Gwanaye biyu a fili mai ƙofa shida, ai dole su toshe juna. Na ce laifin ba na tsofaffin ba ne, na filin ne.

Akwai wani abokin aikina, mushen tarihi, mai son dara kamar ni. Na samo kwali na zana gidaje da bik, wato biro, muka tara marafan kwalaben lemo iri biyu, muka fara gwaji a inuwar aji in an tashi lakwal, yara sun bar makarantar. Da farko, don in tabbatar da zatona, na ƙara matse filin, na yi biyar sau biyar da 'ya'ya goma-goma. Kai, abin ba ya ko motsi. Kafin a je ko'ina wasa ya daskare, ka rasa ɗan da za ka taɓa. Na ce madalla, ashe na gane ciwon, sai a buɗa fili. Na ɗauko gida sittin da huɗu na eshek gaba ɗaya, ina ganin na kashe canjaras har abada.

Ashe ba haka ba ne. A babban fili ba wanda ke iya toshe wani, da farko ana ta cin juna kamar ana tsintar gyaɗa. Amma da 'ya'ya sun ragu, sai kowa ya koma kusurwarsa, tazara ta yi yawa, mai ƙarfi ba ya iya kama mai rauni, mai rauni ba ya yarda ya matso. Canjaras ɗin da na kora ta ƙofar gaba ta dawo da wata kama. A ƙaramin fili ana yin ta ne don ba wurin motsi, a babban fili don ba a haɗuwa. Wannan abu ya ba ni mamaki ƙwarai, na yi kwanaki ina juya shi a raina, har ina tsayawa a gaban allo in manta abin da nake rubuta wa ɗalibai. Mutanen da suka fara haƙa gida talatin ba su riƙe bik ba, amma sun faɗa kusa da daidai.

Kusa na ce, don ni ban haƙura ba. Na gwada shida sau shida, na gwada bakwai sau bakwai, na ƙara 'ya'ya, na rage. Kaye guda, wato littafin rubutu, ya cika da zane. A ƙarshe na tsaya a kan shida sau bakwai, gida arba'in da biyu, 'ya'ya goma sha biyu yadda aka saba. Akwai wurin gudu amma ba wurin ɓuya. Ni da mushen tarihi da ƙyar muke tashi ba wanda ya ci wani.

Asabar ta gaba na je gindin gawo da kayena a hammata, na jira suka yi canjaras ta biyu, na miƙe na yi jawabi kamar ina aji. Masu jiran layi suka goyi bayana nan take. Bafillacen ya ce shi ko gida ɗari aka haƙa zai kori Ba'are a ciki, ai shi a daji ya tashi, faɗin fili bai taɓa ba shi tsoro ba. Kawu bai ce komai ba na ɗan lokaci. Sannan ya ce to, mako mai zuwa. Na ɗauka shirun nasa na girman kai ne, har na ji daɗi a raina.

Ranar da aka sa, na iso gari da hantsi, na shiga gaishe shi a zaurensa. Yana zaune a kan buzu yana feƙe kara da 'yar wuƙa. Bayan mun gaisa ya ce in saki asabari, in matso kusa.

"Mushe, gida nawa ka ce?"

"Arba'in da biyu, Kawu."

"To ka ji. Talatin ɗin ma ban ganinsu. Damina biyu ke nan."

Na yi tsammanin wasa yake. Ya ɗaga fuska wajen hasken ƙofa, sai na ga farin da ya kwanta a tsakiyar idanunsa, wanda na daɗe ina kallo ban gani ba. Ya ce yana rarrabe haske da duhu, yana ganin motsin babban abu in yana kusa. Hanyar gida zuwa masallaci da gindin gawo ƙafarsa ta san ta. A dara kuwa, abin da yake bi shi ne farin hannun rigar Bafillacen: yana ganin inda ya sauka da inda ya ɗaga, yana jin ƙarar tsakuwa, sauran duk a kansa suke. Ba wanda ya sani sai matarsa.

Na ce masa bari in je in ce na fasa, in ce lissafina ya ɓaci. Ya ce in na fasa za su tambayi dalili, kuma shi bai taɓa janyewa daga wasan da ya amsa ba. Na ce to ai ba abin kunya ba ne, ciwo na Allah ne, a gaya wa mutane, a nemi magani. Nan ya ɗan ɗaga murya. Ya ce ba kunya yake ji ba. Ya ce ya ga yadda aka yi da wasu tsofaffi: ranar da aka san idonka ya tafi, daga ranar ba mai ƙara wasa da kai da gaske. Za a riƙa barin ka ka ci, ana kashe wa juna ido, ana cewa sannu baba. Ya ce shi abu ɗaya ya rage masa da ake yi da shi tsakani da Allah ba tausayi, shi ne wannan zama da Bafillacen, kuma in aka fara yi masa sadakar wasa, ba zai sake taka gindin gawo ba.

Na fita daga zauren nan ina zagin kaina da kayena da ranar da na koyi eshek.

Bayan la'asar wurin ya cika fiye da kullum, har da samarin da ke zaman bakin kanti waɗanda ke cewa dara ɓata lokaci ce, su ma sun tsaya daga nesa wai suna wucewa ne. Na durƙusa zan haƙa gidajen. Kawu ya ture ni da gwiwar hannu, ya ce ɗan boko ba zai gina masa gida ba, zai yi masa karkatacce. Aka yi dariya. Shi ya share rairayin da tafinsa, ya haƙa su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, layi shida, kowane layi bakwai, yana auna tsakaninsu da yatsu huɗu. Mutane suna ganin tsoho ne mai son tsari. Ni kaɗai na san karatu yake yi, yana sa filin a kansa ta hanyar hannunsa.

Suka zuba, suka fara tafiya. Wasan ya buɗe yadda na lissafa, amma ban ji daɗin ko ɗaya ba, idona yana kan hannun kawu. Hannun nan bai yi kuskuren gurbi ko sau ɗaya ba. Yana fita daga gwiwarsa ya sauka daidai kan karan da yake so, ya cire shi ya kafa a gaba, har a sababbin layukan da ba su taɓa kasancewa a duniya ba sai yau. Ni da na ƙirƙiro filin, na yi makonni ina wasa a kansa da idanuna biyu, ban ga rabin abin da yake gani ba. Ya ci Bafillacen biyu, Bafillacen ya ci shi ɗaya.

Sai ga surukin kawu, mijin babbar 'yarsa, ya taho daga wani gari a kan babur. Ya hango shi, ya kashe babur, ya cire takalmi, ya zo ya durƙusa ta bayansa. Gaisuwar suruki ba a amsa ta da ƙeya. Dole kawu ya juya gaba ɗaya, aka tambayi gida da iyali da gajiya da zafi. A daidai lokacin Bafillacen, wanda wasa ke hannunsa, ya matsa tsakuwa ɗaya a can gefen yamma ya naɗe hannu. Na gani, kowa ya gani. Kawu bai ga farin hannun riga ba, kuma surutun gaisuwa ya rufe ƙarar.

Ya juyo. Bafillacen ya ce, "Naka ne, Ba'are."

Kawu ya sunkuyar da kai kamar mai duban wasa. Ya daɗe. Na buɗe baki in ce wani abu da zai nuna masa wurin, na rasa abin da zan faɗa wanda ba zai tona shi ba. Wani ya ce tsoho ya yi barci. Can sai kawu ya ɗauki kara ɗaya ya matsa, ya jera uku, daidai. Saura ya ɗauke tsakuwa. Ya miƙa hannu da ƙarfin zuciya zuwa wani gurbi a tsakiyar fili, ya dunƙule yatsu.

Ba komai a ciki sai rairayi. Yatsun suka ɗan lalubo dama da hagu a cikin gurbin. Tsakuwar da yake nema tana gurbin da ke gefensa, ba ta motsa ba, fili take ga duk mai ido.

Bafillacen ya dubi gurbin, ya dubi tsakuwarsa, ya dubi fuskar kawu. Kawu ya janye hannunsa ya karkaɗe shi a gwiwa.

"Ban ga inda ka taka ba," in ji shi. "Ban gani, na daɗe ban gani. Na ce a raina, mutum irinka nan kaɗai zai taka."

Na sake duban filin. Gaskiyarsa ne. Da Bafillacen ya kai tsakuwar nan gurbin da kawu ya lalubo, da ya buɗe wa kansa hanyar ci biyu, kuma da dole kawu ya ɓata cinsa a kanta. Ita ce tafiya mafi kyau a duk filin, mai ido bai gan ta ba. Bafillacen ma ya gane, don na ga ya kama haɓarsa.

Wani daga baya ya ce a'a, ba zai yiwu ba, makaho bai wasa haka. Kawu ya ɗaga fuskarsa sama wajen rassan gawo, ya fara daga layin gabas: gida na ɗaya babu kowa, na biyu karana, na uku tsakuwa, na huɗu babu kowa. Haka ya bi su layi-layi, ba gaggawa ba tsayawa, mutane suka matso suna bin muryarsa da yatsa. Gida arba'in da biyu, a filin da ya fara taɓawa bayan la'asar ɗin nan, da duk tafiyar da aka yi a kansa. Inda kawai maganarsa ta saɓa da ƙasa shi ne tsakuwar da aka matsa yana gaisuwa. Haka ya kai ƙarshe. Na ji wani tsoho yana ta maimaita subhanallahi a hankali. Ni kam na koyar da lissafi shekaru, na ga ɗalibai masu kai, amma ban taɓa jin ƙanƙantar kaina kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin tsoro da sha'awa sun haɗu mini a kan mutum ɗaya haka ba.

Daga nan abin da yake tsoro ya fara. Muryoyi suka yi laushi. Wani ya ce Allah sarki baba. Wani ya ce ai a bar masa wannan, ya ci kawai. Surukin ya matso yana cewa ko a kai shi gida ya huta. Na ga kafaɗun kawu suna sauka, ya fara tattara karansa da ke gefe.

Bafillacen ya buge masa hannu. Ya ce ba inda za shi, wasa bai ƙare ba. Ya faɗa masa da baki tsakuwar da ya matsa, layin yamma, daga gida na biyar zuwa na shida, ya ce ya ɗauki wadda zai ɗauka. Daga nan duk tafiyar da ya yi sai ya ambata ta da ƙarfi, ba ƙari ba ragi. Amma kuskuren da Bafillacen ya yi na barin waccan tafiya mafi kyau ya riga ya karya shi, kawu ya cinye wasan.

A doka Bafillacen ne zai tashi, kuma layina ne. Na ce na bar masa. Ba wanda ya yi gardama, aka share aka sake zubawa.

Wannan wasa na biyu shi na fi tsoro. Ina kallon hannun Bafillacen, ina jiran in ga inda zai sassauta, don na san kawu zai gane tun kafin tsakuwar ta taɓa ƙasa. Tsohon Bafillacen nan ya gyara zama, ya tura malafarsa baya, ya daina tsokana gaba ɗaya. Ya bi kawu kamar ya kama shi a cikin garkensa. Ya ja shi zuwa sabon layin da aka ƙara, inda filin ya fi faɗi, ya raba masa kara biyu-biyu yadda ba za su haɗu ba. Kawu ya yi faɗa, ya ci shi uku, gumi yana bin wuyansa. Wasu suna ta yi wa Bafillacen alama da ido wai ya ji tausayi, ko kallonsu bai yi ba. Rana ta kusa faɗuwa ya jera ukunsa na ƙarshe, ya ambaci gidan, ya sa hannu ya tumɓuke karan kawu ya jefar gefe. Saura biyu.

"Tashi, Ba'are," in ji shi. "An ci ka. Ba mutane wuri."

Sai na ga kafaɗun kawu suna girgiza. Dariya yake yi, hawaye na bin gemunsa. Ya dafa ƙasa ya miƙe, abin da ban taɓa ganin ya yi a gindin gawon nan ba kafin kiran salla. Ya ce wa Bafillacen ya ci da kyau yau, gobe ya zo da wuri kada ya fake da shanu.

Sannan ya miƙa hannu a iska, a gaban kowa, yana neman inda nake. Na matso, ya dafa kafaɗata.

"Mu tahi masallaci, mushe. Ka riƙa gaya mini in akwai rami."